Numfashi Uku Tsakanin Abeshe da Janaina

Liyon, 9 ga Oktoba 2023

Zuwa ga Gwaggo Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yarki Rawan. Yaya gwiwar? Ni nan lafiya lau, sai sanyin da ya fara leƙo mu.

Ni ne Mukhtaru na Damagaram, jikan Malam Tijjani ƙanen mahaifiyarki, wanda ya sauka gidanki a Rusaifa shekara biyu da suka wuce da na zo umra, na ƙarar miki da yajin daddawa. Ajamin nan Malam ne ya koya mini, in kin ga kuskure da shi za ki yi.

Gwaggo, karatun da ya kawo ni Faransa na kiɗa da waƙa ne, kuma ɓangaren da nake ciki na tsoffin waƙoƙin Turai ne, na shekara ɗari takwas zuwa dubu. A wancan zamani ruhubanawansu kari ɗaya tak suke rerawa, babu ganga, babu 'yan amshi. Malamai suna kiran wannan monofoni. Ranar da aka fara sa mana irinta a aji, ke na tuna. Kina tsince shinkafa a madafa, kina rera wata waƙa mai sunayen garuruwa, da na shigo kika yi shiru kika ce in miƙo miki faranti.

Da waƙoƙin nan nasu sun ɓace tuni, sai wani ya yi dabarar sa 'yan alamomi a saman kalmomi, kamar wasalin ajami, masu nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Sunansu niyum. Daga baya aka ja layuka aka zaunar da alamomin a kai, shi ya sa yau nake iya rera abin da wani ya rera kafin a haifi kakan kakan Malam.

Kin gaya mini Rawan ba ta son koyon waccan waƙar. Ina roƙon ki koya mini ita in rubuta, don kada ta tsaya a kanki.

Ɗanki,
Mukhtaru

Makka, Rusaifa, 6 ga Rabi'ul Akhir 1445

Ɗana Mukhtaru,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hoton takardarka ya shigo jawwal ɗina, wato wayata, bayan la'asar, na buɗa ta da yatsa biyu har na karanta. Ajaminka ya fi na kakanka kyau, Allah ya jiƙansa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, daktur ya ce in rage nauyi, na ce in ya samo inda ake ajiye shi ya gaya mini. Rawan tana saidaliyya daga safe zuwa magariba tana ba mutane magani, ta dawo ta ce kanta ke ciwo.

Ashe waƙa ma sai an haye teku an zauna a aji. Kakanka ya juya daga Lami ta ƙasar Chadi ya fasa Makka, jikansa kuma ya miƙe hanyar Faransa. Gidanku dai ba ku iya bin hanya yadda aka nuna muku ba.

Waƙar da ka ji ta mahaifiyata Inna Ummulkhairi ce, ita ta yi ta da bakinta. Su goma sha tara suka wuce Lami a ƙafa, shekara huɗu suna tafe suna tsayawa neman guzuri, sha biyu suka sauka Jidda. Mutum takwas aka binne a hanya, su ne waƙar. Kowane baiti gari ɗaya da mutum ɗaya:

A Abeshe muka bar Hajo,
Muka rufe ta, muka wuce.

A kan dutsen Nakkasa, nan Makka, na koye ta, a ɗakin da aka haife ni. Yanzu an share wurin, ko ƙofar ɗakin ban samu na ɗauko ba. Na yi ta fama da Rawan, ta ce mini, “Ummi, hazina marra,” wai ta cika baƙin ciki. Hausar ma ji take yi, amsa kuwa sai da Larabci. Wannan abu yana hana ni sukuni, ba zan ɓoye maka ba.

To zan koya maka, amma da sharaɗi uku. Ba za ka naɗi muryata ba, don ko zamanin kaset Inna ba ta yarda ba. Ka kira ni ran Juma'a in rera, kai ka rubuta da ɗige-ɗigenka. Na biyu, mutum ɗaya ke rera ta, ba ta da amshi. Na uku, ba ta fita gida. Ba waƙar biki ba ce, kaburbura ne da ba mu da halin ziyarta.

In ka yarda, Juma'a bayan an sauko daga Harami.

Gwaggonka,
Rakiya

Liyon, 3 ga Disamba 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar Juma'a uku. Na yi mura ta kwana biyar amma ta sake ni. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Na yarda da sharuɗɗan a waya, ga shi kuma na sa a takarda. Waƙar ta hau layuka biyar, saura wuri biyu da suka gagare ni.

Bari in yi miki bayani yadda aka yi mana. Turawa sun yanka murya kamar tsani mai mataki bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si, na takwas ya sake zama do a sama. Akwai kuma rabin mataki a tsakanin wasu. Waƙar Inna tana tafiya a kan mataki biyar ba gardama, amma duk sanda kika zo kan “wuce”, muryarki ba ta sauka kan mi ba, ba ta kuma sauka kan rabin matakin da ke ƙasansa ba. Tsakani take faɗawa. Na zauna gaban fiyano awa biyu ina neman wurin, babu shi. Na sa wata 'yar kibiya a kan ɗigon don in tuna, amma kibiya ba ta gaya wa mutum ko nawa zai sauka.

Na biyu, bayan baitin Abeshe kina yin shiru mai tsawo kafin ki shiga na Janaina. A rubutunmu shiru ma yana da alamarsa da ƙidayarsa, don haka ina so in sani: na waƙar ne, ko numfashi ne ke yanke miki? Sannan kin ce mutum takwas, ni kuwa sunaye bakwai na ƙirga.

Karatu ya yi daɗi kwanan nan. Mun shiga zamanin da suka fara haɗa muryoyi, wanda ake kira folifoni. Sai su ɗauki tsohuwar waƙa su ja ta a hankali a muryar ƙasa, ta zama harsashi, su gina muryoyi uku a kanta. Wannan harsashin shi ne kantus firmus. Gwaggo, in kin ji yadda muryoyin ke rabuwa su sake haɗuwa, sai tsigar jikinki ta tashi. Ƙarshen shekara kowane ɗalibi zai gina tasa a rera a gaban jama'a. Abokaina duk sun zaɓi harsashinsu daga littattafan ruhubanawa, ni ban zaɓa ba tukuna.

A gaida Rawan.

Ɗanki,
Mukhtaru

Makka, 4 ga Rajab 1445

Ɗana Mukhtaru,

Wa alaikumus salam. Sannu da mura, ka riƙa rufe ƙirjinka. Mu lafiya, garin ya yi sanyi-sanyi, masu umra sun cika ko'ina har taksi ya zama abin roƙo.

Wato ni ce numfashi ke yanke wa. Ni da nake hawa hawa uku na amarar nan, benen da muke ciki, da buhun shinkafa ran da lif ya lalace. Allah ya shirye ka.

Shirun na waƙar ne, kuma shi ne na takwas ɗin da ka rasa. Tsakanin Abeshe da Janaina Inna ta haihu a gindin wata bishiya, namiji, ɗanta na fari. Kwana huɗu ya yi. Ba a kai ga suna ba, wurin kuma ba gari ba ne balle a ambace shi. Da ta zo yin waƙar ta rasa abin da za ta faɗa a kansa, sai ta bar masa numfashi uku. Wana ne, ya waladi. Tun ina yarinya in an zo wurin, ko cokali ba a motsawa a ɗakinmu. Ka rubuta shirunka da kyau, uku cif, kada ka rage.

Zancen “wuce” kuwa, ni ban san mi ba, ban san fa ba. Abin da na sani, nan ne muryar Inna ke karyewa kaɗan, kamar mai sauke tulu daga ka bai kai ƙasa ba. Haka na ji, haka na riƙe shekara hamsin da wani abu. In fiyanonku ba shi da wurin, fiyanon ne da gyara.

Ran Juma'ar ƙarshe da ka rera mini ita daga farko har baitin Sawakin, da muka ajiye waya na yi kuka, na daɗi. Ka ɗan kauce a “wuce”, amma ka kusa. Na ce alhamdu lillahi, ko yau na mutu akwai mai ita. Waƙar nan taka ce yanzu kamar yadda take tawa.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Gwaggonka,
Rakiya

Makka, 15 ga Shawwal 1445

Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Muna lafiya, an sa mini ranakun gashin gwiwa a mustashfa, wato asibiti, Rawan ke kai ni da motarta.

Wata uku ke nan ba takarda. Azumi ya zo ya wuce, na kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba, sai ɗan saƙon “ina aji, Gwaggo”. Na tambayi mahaifiyarka a Damagaram ta ce lafiyarka ƙalau, aiki ne ya yi maka yawa. To madalla. Na yi ta juya takardata ta Rajab a raina ko na faɗi abin da ya ɓata maka. In zancen fiyano ne, wasa nake yi.

Ka rubuto ko layi biyu ne. Ina so in sake jin “wuce” ɗin nan a bakinka, mu ƙarasa gyara ta.

Gwaggonka,
Rakiya

Makka, 9 ga Muharram 1446

Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

Shekaranjiya Rawan ta dawo daga aiki ko abaya ba ta cire ba, ta miƙo mini jawwal tana murna. Ta ce, “Ummi, shufi, Mukhtaru ne, dangi duk suna ta turawa.” Na sa tabarau. Na ga wani dogon ɗaki na dutse, kanisa ce, wato coci, ko ba a gaya mini ba. Na ga mutum huɗu cikin baƙaƙen kaya, mata biyu maza biyu, kai kuma kana gabansu cikin kwat kana kaɗa hannu. Na ce masha Allah, ɗanmu ya zama babban mutum.

Sai ɗaya daga mazan, mai kaurin murya, ya buɗe baki. Waƙar Inna ce, an ja ta, an miƙe ta, an cire mata kalmomi an bar “aa” kawai, amma ko a cikin barci aka rera ta zan gane ta. Rawan ma da ba ta taɓa zama ta saurara ba ta juyo ta ce, “Hadi haggat Sitti?” Wato ta kakata ce?

Sharaɗi uku na ba ka. Na ce mutum ɗaya, ka sa huɗu. Na ce ba ta fita gida, ka kai ta kanisa, daga can ta shiga wayar kowa daga Damagaram har Jidda. Da suka gama aka yi ta tafi. Mutanen da ba su san Hajo ba, ba su san Malam Idi da ƙishirwa ta kashe a Fasher ba, suna tafa musu.

Wannan duk da na iya haɗiyewa, wallahi da na haɗiye. Amma na jira wurin wana. Na riƙe numfashina yadda muka saba, sai na ji matan nan biyu suna ta hawa suna sauka a kansa kamar ba kowa a wurin. Na mayar baya na sake saurara, na sake, ko ni ce ban ji daidai ba. Babu shirun. Abu ɗaya da yaron nan ya mallaka a duniya ke nan, kuma na gaya maka da hannuna.

Akwai rubutu a ƙarƙashin hoton, Rawan ta sa waya ta fassara mana. Sunanka ne a sama. A ƙasa an ce an gina ta a kan tsohuwar waƙar Afirka, ba a san mai ita ba. Ka ci tuwo a gidan 'yarta, ka san sunanta, ka san inda aka binne ta a Makka.

Yanzu na gane shirun wata shida. Ni ina nan ina tuhumar kaina ko na yi maka kaifin baki, ashe kai kana can kana koya wa baƙi. Ka ci amanata, Mukhtaru. Ban taɓa zaton daga wajenka za ta zo ba.

Rakiya, 'yar Ummulkhairi mai waƙar

Liyon, 2 ga Agusta 2024

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma jin nauyin gaisuwar. Lafiyata ƙalau, amma tun da takardarki ta zo ban iya cin abin kirki ba. Sau huɗu ina fara amsa ina yagewa.

Ba zan ce ban yi laifi ba. Ina so dai ki ji yadda abin ya faru. Na gwada harsashi uku daga littattafan aji, duk abin da na gina a kansu ya fito kamar kayan aro. Wata rana ina rera ta Inna a ɗakin gwaji, malamarmu ta ji ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wannan ita ce tawa, in daina wahalar da kaina. Na koma na karanta takardarki ta Rajab inda kika ce waƙar tawa ce kamar yadda take taki, na riƙe wannan layin na ce kin ba ni izini.

Na yi ƙoƙarin tsare abin da zan iya. Ban taɓa naɗar muryarki ba, ko sau ɗaya, babu ita a ko'ina sai a bakinki. Na cire sunayen don kada baƙo ya ambace su. Ban sa sunan Inna ba don kin ce kada ta fita gida, na ga kamar ɓoye sunan sutura ce. Rabin manyan waƙoƙin da muke karantawa haka aka rubuta a kansu, anonim, wato ba a san mai su ba, kuma ba raini ba ne a wurinsu. Kanisar kuma an daina ibada a cikinta tun tuni, makaranta ke aron ta saboda murya na tashi da kyau a ciki.

Shirun yana nan, Gwaggo. In kin duba takardar ɗige-ɗigen, muryar ƙasa ta yi shiru numfashi uku cif, na ƙirga da kaina. Sauran ukun ne suka ci gaba, don a folifoni in kowa ya tsaya lokaci ɗaya ginin yana rushewa. “Wuce” kuma dole na ɗaga ta ta zauna kan mi, saboda murya huɗu ba sa jituwa in ɗaya ta faɗa tsakanin matakai.

Na karanta abin da na rubuta yanzu, na ga duk hujja ce. Gaskiyar ita ce na daina rubuto miki don na san in na tambaya za ki ce a'a, ni kuma ina son abin ya yi kyau, ina son a ce ni na yi. Na sa makaranta ta sauke hoton, amma wanda ya shiga wayoyin dangi ba ni da iko da shi.

Ki yafe mini. In kin yarda zan zo umra a watan Rajab in durƙusa a gabanki.

Ɗanki,
Mukhtaru

Makka, 11 ga Rabi'ul Awwal 1446

Mukhtaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo tun Muharram, na bar ta ta huce. Gwiwa da sauƙi, gashin ya yi amfani. Rawan lafiya.

Na ce taka ce kamar yadda take tawa. Shekara hamsin tana hannuna, ka ji na taɓa canza mata ko wasali ɗaya? Kuma shirun da mutum ɗaya ya yi alhali uku suna surutu a kansa, a Faransa ne kawai ake kiransa shiru. Amma sakin layinka na ƙarshe gaskiya ne, na karɓe shi. Umra kuwa ɗakin Allah ne, ba ni ke ba da izinin zuwa ba. Yafiya ina roƙon Allah ya kawo mini ita, yanzu dai ba ta zo ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya kamata ka sani, tunda aikinka ne.

Rawan ta kamu da son abin naka. A mota take sa shi duk ranar da za ta kai ni mustashfa, zuwa da dawowa. Da fari na ce ta kashe, sai na ga yarinyar da shekara talatin da huɗu ban taɓa ji ta yi waƙar Hausa ba tana bin karin a hankali, na ja bakina. Ni ma kuma, don haushi, na saurare shi a ɗaki ya fi sau arba'in ina neman inda ka ɓata.

Juma'ar makon jiya bayan mun ci abincin rana, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai tuntuɓe. Ta ce, “Ummi, koya mini kalmomin. Ina son sunayen.” Abin da na roƙi Allah shekara ashirin ke nan. Na ce to, amma ta manta da na waya, ta saurari na gaskiya.

Na gyara zama na fara. A Abeshe muka bar Hajo, muka rufe ta. Da na zo “wuce”, muryata ta tafi ta zauna daram a kan wannan mi ɗin naka. Na tsaya, na sha ruwa, na sake. Nan ta koma. Na rufe ido na nemo fuskar Inna a ɗakin Nakkasa, na ga bakinta yana motsi, amma abin da ke cikin kunnena mutumin nan ne mai kaurin murya. Na san akwai wurin da take karyewa, na san yana ƙasa kaɗan, na yi ta lalube kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Kwana takwas ke nan ina gwadawa, a madafa, a kan sallaya, ban same shi ba.

A ranar, sau biyar na maimaita baitin. A na biyar Rawan ta kama hannuna, fuskarta cike da murna, ta ce, “Aiwa, Ummi, bizzabt. Haka take a waya, ba ki yi kuskure ba.”

Na ce mata to, mu je baiti na gaba.

Rakiya